Ma'anar "tomi" a ƙarshen sunayen ayyukan tiyata da inda kalmar ta fito

"Assalamu alaikum Likita. Kwana goma da suka wuce aka yi wa ƙanwata aikin gaggawa a ciki, ga shi ba ta fi wata takwas da aure ba. A takardar sallama na ga an rubuta wata doguwar kalma, lafarotomi. Wata ƙawata ta ce duk sunan aikin da ya ƙare da 'tomi', to an cire wa mutum wani abu ne a jiki. Tun ranar ban runtsa ba, ina tsoron ko mahaifarta aka cire aka ɓoye mana. Don Allah mece ce ma'anar wannan 'tomi', wane yare ne, kuma me ya hana a rubuta 'yanka' kawai kowa ya gane?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa ƙanwar tamu sauƙi, ya sa kaffara ne.

Tambayoyi uku kika haɗa wuri guda, amma na san wadda ta hana ki barci, don haka da ita zan fara. "Tomi" ita kaɗai ba cirewa take nufi ba, tsagawa take nufi. Ƙawarki ta tsinci rabin magana ne. Ƙarshen da ke nuna an fitar da wani sashe daga jiki shi ne "ektomi", kuma da yake shi ma da "tomi" yake ƙarewa, kunnen da bai saba ba sai ya ji su ɗaya. Lafarotomi, wadda a takarda za ki gan ta da harafin p a tsakiya da y a ƙarshe, abin da take faɗa kawai shi ne an tsaga bangon ciki an shiga. Ba ta ce an ciro komai ba. Sai dai kuma ba ta ce ba a ciro ba, kuma zan dawo kan wannan bayan na warware miki kalmar.

Kalmar kanta

Girkanci ce. Tsoffin Girkawa suna cewa "temnein" idan suna nufin a yanka, shi kuma yankan suna kiransa "tome". Babu wani abin asibiti a cikinta tun asali. Mai saran itace da ita yake amfani, haka mai yankan fata. Filin da aka keɓe wa wurin bauta "temenos" suke ce masa, wato abin da aka yanko daga sauran ƙasa, kamar dai yadda mu ma muke cewa "yankin ƙasa" ba tare da wuƙa ta faɗo mana a rai ba. Doguwar takardar da suke naɗewa kamar tabarma, idan littafi ya yi yawa aka raba shi, kowane kashi sunansa "tomos", yanki, kuma har yau Faransawa da wannan kalmar suke kiran juzu'in littafi.

Idan kika riƙe wannan saiwar za ki riƙa cin karo da ita a wuraren da ba ki zata ba. A ƙarni na 5 kafin Miladiyya wani masanin falsafa, Demokiritus, ya ce in aka yi ta yanka abu ana ƙara yankawa, dole a kai ga ƙwayar da ba ta yankuwa. Ya sa mata "atomos": "a" na korewa ne, sai "tomos". Ita ce ƙwayar zarra, atom ɗin da ake koya wa yara a makaranta. A 1938 a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano cewa ƙwayar yuraniyom tana rabewa biyu, amma sunan "marar yankuwa" ya riga ya bi ta, ba wanda ya canza shi. Ƙwari ma "entoma" Girkawa suke ce musu, masu tsaga a jiki. Ki dubi ƙugun zanzaro ko na tururuwa, kamar an sa zare an shaƙe tsakiyar, za ki ga abin da suka gani. Ilimin sanin sassan jiki da muke fara karantawa a makarantar likitanci, anatomi, ma'anarsa yayyankawa, domin da wuƙa aka samo shi. Wanda ya fi burge ni shi ne hoton CT da ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da zobe: harafin T ɗin na "tomogirafi" ne, zana yanki. Na'urar tana nuna jiki faifai-faifai kamar an yayyanka shi, alhali ko ƙwarzane ba a yi wa mutum ba. A Landan aka fara ɗaukar wa majiyyaci irinsa a 1971, da na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙera.

Dalilin da ya sa likitanci ya maƙale wa Girkanci kuwa tarihi ne. Littattafan tsoffin likitocin Girkawa, wato waɗanda ake jingina wa Hifokiratis, da na Jalinus wanda ya rayu a ƙarni na 2 Miladiyya, su ne aka yi fiye da shekara dubu ana karantawa. A Bagadaza Hunainu bin Is'haƙ, wanda ya rasu a 873, ya juya da yawansu zuwa Larabci, daga baya Turawa suka juya su zuwa Latin. Wasu sunayen tun wancan zamanin suke, irin su filebotomi, tsaga jijiya a zubar da jini, da litotomi, yanka don ciro tsakuwa daga mafitsara. Wannan na biyun har a rantsuwar Hifokiratis ya fito, inda likita ke alkawarin ba zai yi wa mai tsakuwa yanka ba, zai bar wa waɗanda sana'arsu ke nan. Amma yawancin dogayen sunayen da kike gani yau ƙirar ƙarni na 19 ne. A ranar 16 ga Oktoba 1846 aka nuna wa taron likitoci a Boston ta Amurka cewa za a iya sa mutum barci da wani ruwa mai saurin tashi da ake shaƙa, mai suna "ether", a yi masa aiki bai ji ba. A 1867 Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a rauni. Da waɗannan biyun suka haɗu sai aka shiga ciki, aka shiga ƙirji, aka shiga ƙoƙon kai, kowane sabon aiki kuma yana bukatar suna. Sai aka riƙa ɗauko sunan gaɓa a liƙa masa abin da aka yi mata. Wani lokacin ma haɗin gambiza ake yi, gaɓar da Latin, aikin da Girkanci, kamar afendektomi, wato cire afendis, abin da masu kishin nahawu suka daɗe suna ƙorafi a kai ba wanda ya saurare su.

Gaɓar kalma ɗaya tak ke raba "tomi" da "ektomi"

"Ek" a Girkanci na nufin "daga ciki zuwa waje". To ektomi ke nan, yankewa a fitar. Akwai na uku da ke ƙara dagula lissafi, "ostomi", wanda ko dangantaka ba shi da ita da yanka: daga "stoma" ya fito, wato baki. Shi ne a buɗe wa wata gaɓa sabuwar ƙofa a bar ta a buɗe. Ɗauki babban hanji, kolon. In na tsaga shi na ciro abin da ya toshe na mayar na ɗinke, kolotomi na yi. In na yanke wani sashensa na fitar, kolektomi. In kuwa na jawo bakinsa ta fatar ciki don bayan gida ya riƙa fita cikin 'yar jaka, kolostomi ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, mu kanmu ba kullum muke kiyaye wannan ƙa'ida ba. Hudar da ake yi a maƙogwaro don mutum ya sami numfashi, za ki ji wani ya ce tirakiyotomi wani ya ce tirakiyostomi, a ɗaki ɗaya, a kan majiyyaci ɗaya.

Inda kuskure ke da tsada shi ne a kan mahaifa, wadda Girkawa ke kira "histera". Histarotomi tsaga mahaifa ne a mayar a ɗinke, kamar yadda ake yi wa duk macen da aka ciro wa jariri ta tiyata. Histarektomi kuwa cire ta ne. Ina ƙaramin likita na taɓa fitowa daga zagayen safe na tarar da wani magidanci a baranda ya haɗa kai da gwiwa. Ashe ya karanta fayil ɗin matarsa ya ga ta farkon, ya buga a waya, wayar ta "gyara" masa rubutun ta kai shi ga ta biyun. Ya kwana yana jimamin ba za ta ƙara haihuwa ba, ya kuma kasa tambaya don kada a tabbatar masa. Sai da na zauna na zana masa mahaifa a bayan wata takardar magani, na ja layi inda aka tsaga, na yi masa alamun ɗinki, sannan ya ɗago kai. Laifin namu ne, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani bayan an fito daga aiki. Tun daga nan ba na sallamar majiyyaci sai na zana masa abin da na yi.

Shi kansa "lafaro"

"Lapara" a Girkanci kwiɓi ne, wurin nan mai laushi tsakanin haƙarƙari da ƙugu. In da za a bi ma'ana sau da ƙafa, lafarotomi tsagar kwiɓi ce, amma an daɗe ana amfani da ita ga duk wata babbar tsaga da aka ratsa bangon ciki da ita. Aikin ya girmi sunan. A ranar Kirsimeti ta 1809, a wani ƙaramin gari mai suna Danville a jihar Kentaki, likita Ephraim McDowell ya buɗe cikin wata mata, Jane Todd Crawford, ya ciro mata ƙari mai nauyin kusan kilo goma daga jakar ƙwai. Ba maganin barci, ba na kashe ƙwayoyin cuta. A kan doki ta yi tafiyar kusan kilomita ɗari ta zo masa, kuma ta rayu har 1842.

Ga yadda abin yake a hannu. In gaggawa ce kuma ba mu da tabbacin abin da za mu tarar, tsagar tsakiya muka fi yi, a tsaye, sama da cibiya ko ƙasa da ita, wani lokacin a kewaye cibiyar a ci gaba. Aska na ratsa fata, sai kitse rawaya ya bayyana, ana ƙona ƙananan jijiyoyin da ke tsatsar jini. A ƙarƙashinsa akwai wani farin layi mai tauri inda naman ciki na dama da na hagu suka haɗu. Nan muke bi, domin jini kaɗan ne a wurin kuma ba sai an datse tsoka ba. Na ƙarshe wani tantani ne siriri mai sheƙi. Ni da mai taimaka mini kowa ya kama shi da hantsaki mu ɗaga sama, in murza shi tsakanin yatsu biyu in tabbatar babu hanji a liƙe, sannan in ɗan tsaga. Iska na shiga sai hanji ya ja baya da kansa. Iyakar abin da kalmar lafarotomi ke nufi ke nan. Ƙofa ce aka buɗe, duk abin da aka yi bayan an shiga yana da nasa sunan.

Tsagogin ma kowace da sunanta, galibi na wanda ya fito da ita. Ta kwance a ƙasan mara, wadda aka fi yi wa mata, ana kiranta da sunan Pfannenstiel, likitan mata Bajamushe da ya bayyana ta a 1900. Ta gefen dama a ƙasa don afendis sunan McBurney na Niyok take ɗauke da shi. Abin da ya sa wani tabon ke kwanciya siriri wani kuma ya baje, wani masanin jiki a Biyana, Karl Langer, ya nuna shi a 1861. Ya riƙa huda fatar gawa da tsinke mai zagayayyen baki kamar basilla, sai ya ga hudar ba ta zama zagaye, tana miƙewa ta nufi wani ɓangare. Da ya haɗa hudojin sai suka ba da layuka a duk jiki. Tsagar da ta bi layin fata bakinta na haɗuwa da kansa, wadda ta gitta shi kuwa fata na ja tana buɗe ta. A ƙasan ciki layukan a kwance suke, shi ya sa tabon tsagar tsaye ya fi fitowa fili.

Ɓangaren Latin, da labarin Kaisar

Rumawa na da nasu kalmomin yanka guda biyu, "caedere" da "secare", kuma daga cikinsu Ingilishi ya sami kalmomin da likitoci ke rubutawa in suna nufin tsagar kanta. Daga ta farkon ne ma suka ƙera kalmarsu ta yanke shawara. Abin ya ba ni dariya ranar da na gano, don mu ma hukunci yanke shi muke yi.

Tiyatar haihuwa da kowa ke kira CS ita ce ta fi shahara a nan. Harafin C na Kaisar ne, Jamusawa ma "yankan Kaisar" suke ce mata, Larabawa kuma "ƙaisariyya". Labarin da ya bazu shi ne ta wannan hanya aka haifi Yuliyus Kaisar, amma da wuya ya zama gaskiya. A wancan zamanin sai uwa ta mutu ko tana gargara ake yin haka, ita kuwa mahaifiyarsa Aureliya ta rayu har shekara ta 54 kafin Miladiyya, yana babban mutum. Marubucin Rum Filini ya ce wani kakan zuriyar ne aka ciro daga cikin uwa da aka tsaga, sunan gidan ya samo asali daga nan. Wasu kuma suna danganta sunan da tsohuwar dokar Rum da ta hana a binne mace mai ciki sai an ciro ɗan. Masana ba su haɗu a kan ɗaya ba. In kuwa daga "caedere" ɗin ne, to C yanka ne, S ma daga "secare" yanka ne, mun shekara ɗaruruwa muna cewa "yankan yanka".

Namu kalmomin

Kin ce me ya hana a rubuta "yanka". A tsakanin likitoci waɗannan sunaye suna da amfani ƙwarai: likita a Japan da wani a Barazil za su ga kalma ɗaya su san gaɓar da aka taɓa da abin da aka yi mata. Matsalar tana faruwa ne in aka miƙa wa majiyyaci takardar da aka rubuta don likita aka ce ya tafi gida.

Hausa kuma ba ta rasa abin faɗa ba. "Tiyata" aro ce daga kalmar Ingilishi ta gidan wasan kwaikwayo, wadda ita ma asalinta Girkanci ne, wurin kallo. Da can ɗakin aikin haka yake, tebur a tsakiya a ƙasa, ɗalibai a tsaye hawa-hawa suna leƙe. Wanda aka buɗe a jami'ar Faduwa ta Italiya a 1595 don koyar da sassan jiki yana nan har yau, hawa shida na katako. Sanin ƙwayoyin cuta ne ya kori 'yan kallo, sunan ya zauna. Mu da muka aro sai muka faɗaɗa shi, ɗakin tiyata, aikin ma tiyata. "Fiɗa" tamu ce, daga feɗe dabba, kuma ko da yake ni likitan fiɗa ake kirana, ba na furta ta a gaban wanda zai shiga aiki, don ba mai so a tuna masa da mahauci a irin wannan daren. "Yanka" ma haka, tana ja wa mutum hoton wuƙa a wuya. "Aiki" ta fi su duka daɗin ji, kuma ba mu kaɗai muka zaɓe ta ba: kalmar Girkanci ta wannan sana'a, "kerurgiya", ma'anarta aikin hannu, Az-Zahrawi na Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013 shi ma "aiki da hannu" ya kira ta a kashin ƙarshe na littafinsa At-Tasrif. Ita kuwa "tomi", a ganina babu kalmar da ta dace da ita kamar "tsaga". Abin da aka tsaga yana nan, gefensa biyu suna nan, ana iya mayarwa a haɗe. Abin da aka yanke ya rabu da jiki. Da za a riƙa rubuta "tsaga", "cirewa" da "buɗe ƙofa" a ƙasan sunan aiki, da an rage wa mutane da yawa kwanan zaune.

Abin da ba zan iya faɗa miki daga nan ba

Ban ga ƙanwarki ba, ban ga takardar ba, don haka ba zan ce miki ba a cire komai ba. Ki sake duba ta da kyau. Sau da yawa bayan lafarotomi akwai alamar tarawa ko kalma ta biyu, ita ce ainihin aikin. A mace mai ƙuruciya abubuwan da suka fi kai mu ga buɗe ciki cikin gaggawa su ne afendis da ya fashe, hanji da ya toshe ko ya huje, ƙullutu a jakar ƙwai da ya murɗe, da cikin da ya zauna a bututun ƙwai ya fashe. In na ƙarshen ne, mai yiwuwa ki ga salfinjektomi. "Salpinx" kakakin yaƙi ne a Girkanci, saboda bakin bututun a buɗe yake kamar na kakaki. Ma'anarta an cire bututu ɗaya, mahaifa na nan, ɗayan bututun na nan, kuma mata da yawa suna samun ciki bayan haka. Siffar tabon, a tsaye ne ko a kwance, ba ta nuna abin da aka taɓa a ciki, kada kowa ya duba cikinta ya yanke muku hukunci.

Duk aikin da aka yi, likita na rubuta rahotonsa a fayil: tsagar da ya yi, abin da ya tarar, abin da ya yi, da yadda ya rufe. Cire mahaifa ba ya cikin abubuwan da ake yi a yi shiru. Ko da an yi shi ne don tsayar da jinin da ke neman ranta, wajibi ne a rubuta a kuma gaya wa mai jikin. Haƙƙin tambayar nata ne, kuma likita na iya ƙin yi miki bayani in ba ta ba da izini ba, don haka ki raka ta ranar da aka ce ta dawo a duba ɗinki. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: ta tambaya kai tsaye me aka tarar, an cire wani abu ko ba a cire ba, in an cire mene ne kuma ta wane gefe, yaushe kuma za ta iya ɗaukar ciki. Ta roƙe shi ya zana mata a takarda. In kafin ranar ta yi zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana fitar da ruwa, ko cikin ya kumbura tana amai, kada ku jira ranar, ku koma a lokacin. In kuma likitan da ya yi aikin ba ya nan kuma zuciyarku ta kasa natsuwa, hoton ciki na sikanin da ake yi wa masu juna biyu zai nuna mahaifar cikin 'yan mintuna, mai ɗaukar hoton zai iya juyo da allon ya nuna muku ita da yatsa.